Sikelin da ba ya magana biyu ma yana iya cutar ka: yadda za ka gwada ma'auninka kafin kakar shinkafa

Kaka biyu da suka wuce ina zaune a shagon kawuna da ke sayen shanshera a gefen Argungu, sai ga wani manomi daga fadama da buhu shida a amalanke. Yara suka ɗora na farko a sikeli, ya nuna kilo 77. Manomin ya girgiza kai, ya ce shi 80 ya auna kafin ya baro gida. Kawu bai tsaya musu ba. Ya sa aka sauke buhun aka mayar, 77. Aka sake, 77 dai.

"To malam, ka gani da idonka," in ji Kawu. "Wanga sikeli ba ya magana biyu."

Manomin ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ni ma a ranar hujjar ta gamsar da ni. Sai da na kwanta na tuna cewa wanda ya haddace ƙaryarsa shi ma ba ya magana biyu. Ko sau ɗari ka tambaye shi, abin da ya faɗa da farko shi zai maimaita.

Abubuwa biyu ne muke cakuɗawa. Na farko shi ne gaskiyar awo, wato kusancin abin da ma'auni ya nuna da ainihin nauyin kayan. Na biyu shi ne tsayuwar awo, wato in ka auna abu ɗaya sau da yawa, amsoshin su zo kusa da juna. Abin da Kawu ya nuna wa manomin tsayuwa ce kawai, bai taɓo gaskiya ba ko kaɗan. Duk wanda ya san kasuwar hatsi ya san bambancin ko da bai sa masa suna ba. Kwanon da aka buge wa gindi ya shige ciki yana da tsayuwa, domin kullum abu ɗaya yake ci, sai dai kullum a tauye. Shi kuwa kwano lafiyayye a hannun mai awon da yau zai cika shi ya yi tozo har ya tara hannu a baki, gobe ya shafe bakin, to kwanon mai gaskiya ne amma awon ba shi da tsayuwa. Ciwo biyu ne, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan.

Ga yadda muka bi muka gwada sikelin Kawu. Haka za ka bi da naka, ko na ƙasa ne mai lambobi, ko na rataye mai ƙugiya, ko mai fuskar agogo.

Mataki na 1: gyara wurin kafin ka zargi sikeli

Ajiye shi a kan daɓe mai ƙarfi da ya daidaita, ba a kan yashi ko buhun da aka shimfiɗa ba. Dafa kowace kusurwa, in yana rawa gyara ƙafafunsa. Share ƙaiƙayi da tsakuwar da suka shige ƙarƙashin faranti. In mai batir ne, a cika masa caji, a kunna shi ya ɗan jima kafin a fara. Kauce wa iska da rana mai dukansa kai tsaye. Na rataye kuma a ɗaure shi a jikin abu tsayayye, kada wani ya riƙe shi a hannu. Tabbatar yana kan sifili ba komai a kansa. Sai ka nemo littafi da biro, domin gwajin da ba a rubuta ba gardama ce kawai za ta biyo baya.

Mataki na 2: gwada tsayuwa

Da wannan ake farawa, don ba ya bukatar ka san nauyin komai. Ɗauki kaya guda, buhun taki ko na siminti, wanda ba ya zuba. Ɗora shi a tsakiya, bari lamba ta tsaya, rubuta. Sauke shi gaba ɗaya, bari sikeli ya koma sifili, sannan ka mayar. Yi haka sau biyar aƙalla, goma ya fi. Kada ka bar kayan a kai kana kallon lamba kana cewa ba ta motsa ba, wannan ba gwaji ba ne.

Da muka yi da buhun kilo 50, sikelin Kawu ya ba mu 48.1, 48.0, 48.1, 48.2, 48.1. Muka ɗauki buhun nan dai zuwa ga tsohon sikelin rataye na maƙwabcinsa, wanda kowa ke yi wa dariya, ya ba mu 49, 51.5, 50, 48.5, 51.

Lissafi biyu za ka yi. Cire mafi ƙanƙanta daga mafi girma, abin da ya rage shi ne tazara. Ta Kawu 0.2 ce, wato giram 200, ta maƙwabci kuwa kilo 3 cur. Sannan ka tara amsoshin ka raba da yawansu ka sami matsakaici. Na Kawu 48.1, na maƙwabci 50 daidai. Dubi abin mamaki: wanda ake yi wa dariya yana kewaya gaskiya ne, ya yi sama ya yi ƙasa, shi kuwa abin alfaharin Kawu ya kafe a wuri ɗaya, kusan kilo 2 nesa da ita.

Kafin ka bar wannan mataki, in sikelin ƙasa ne, ɗora kayan a kowace kusurwa huɗu ka rubuta. In kusurwa ɗaya ta bambanta da sauran sosai, akwai matsala a ƙafa ko a cikinsa. Masu wayo a kasuwa sun san wannan, shi ya sa za ka ga yaron awo kullum gefe ɗaya yake jingine buhu.

Mataki na 3: samo abin da ka tabbatar da nauyinsa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane ke gajiya su bari. Ba za ka san ma'auni ya faɗi gaskiya ba sai ka tambaye shi abin da ka riga ka san amsarsa. Manomin nan ya ce ya auna 80 a gida, to wa ya gwada nasa sikelin? Buhun da muka ce kilo 50 ne ma, rubutun jikinsa muka yarda da shi, alhali buhun kamfani yana iya ɗan haurawa ko ya ɗan gaza, balle in ya sha hannu a hanya.

Awo yana da salsala kamar karatu. Almajiri ya ɗauka wurin malaminsa, malamin ya ɗauka wurin nasa, har a kai tushe. Daga 1889 tushen kilo wani ɗan dunƙulen ƙarfe ne na filatinam da iridiyam da aka adana a garin Sebur kusa da Faris a Faransa. Da shi aka riƙa gwada duwatsun awo na ƙasashe, wato ƙarafan da aka tabbatar da nauyinsu, da na ƙasashe ake gwada na ma'aikatan awo, da nasu ake gwada sikelin kasuwa. Ranar 20 ga Mayu 2019 aka sauke ƙarfen daga wannan matsayi, aka ɗaure ma'anar kilo da wata tsayayyar lamba ta kimiyyar fiziks, amma salsalar tana nan yadda take. A Najeriya, Sashen Awo da Ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya ne ke da alhakin duba ma'aunan ciniki da sa musu shaida. Sikelin da bai taɓa haɗuwa da dutsen da ke cikin wannan salsala ba kamar mai fatawa ne da ba a san inda ya yi karatu ba.

Abin da ya fi shi ne dutsen awo na ƙarfe mai hatimi. Masu sayar da sikeli da masu gyaransa sukan ajiye su, za ka iya aro ko ka biya a zo da su. In bai samu ba, koma ga ruwa. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta kilo ɗaya ce, sai dai a irin zafinmu takan gaza da giram 4 zuwa 6, wato a lita 20 kusan giram 100, abin da ba zai ɓata gwajin sikelin buhu ba. Amma kada ka cika jarka ka ce ai mai lita 25 ce. Jarka takan ci fiye da abin da aka rubuta a jikinta, wata kuma rana ta kumbura ta. Nemi kofin awo mai zane irin na ɗakin gwaje-gwajen makaranta, ɗora jarka wayam a sikeli, mayar da shi sifili, sannan ka zuba ruwan lita-lita kana ƙirgawa. Ledar ruwan sha kuwa bar ta, ba a cika su daidai. Ga ɗan ƙaramin sikeli irin na masu kayan yaji, sabon sirinji ya wadatar: mililita 10 na ruwa giram 10 ne, bambancin bai kai a damu ba.

Shawarar da na fi ba mutane ita ce, ranar da ka samu dutse mai hatimi ko sikelin da aka tabbatar, yi naka dutsen. Samo guntun ƙarfe mai nauyi, tsohon kan inji ko makamancinsa, a auna shi sau biyar, ka rubuta matsakaicin a jikinsa da fenti. Kada ka yi da buhun yashi ko na hatsi, domin suna shan laima da damina su bushe da bazara, nauyinsu yana tafiya da yanayi.

Mataki na 4: tambaye shi a wuri uku

Kada ka gwada da nauyi ɗaya ka tashi. Gwada ƙarami, matsakaici, da wanda ya kusa irin kayan da kake aunawa kullum, kowanne sau uku, ka ɗauki matsakaici. Yadda kuskuren ya jeru shi zai gaya maka irin ciwon.

In a kilo 5 ya gaza da rabin kilo, a 20 rabin kilo, a 50 ma rabin kilo, to sifilinsa ne ya goce. Wannan mai sauƙi ne: a juya ɗan makunnin da ke saita allura, ko a danna maɓallin sifili, ko a duba ko an manta da nauyin wani faranti ko igiya.

In kuwa kuskuren yana girma tare da kaya, saitin cikinsa ne ya lalace. Haka muka samu a na Kawu da aka kawo duwatsu: kilo 5 ya nuna 4.8, kilo 20 ya nuna 19.2, kilo 50 ya nuna 48.1. Kusan kashi 4 cikin ɗari yake ci a kowane awo. Ka ga ke nan buhun manomin nan 80 ne kamar yadda ya faɗa. Mai sayen tumatir kilo biyu ba zai taɓa lura da irin wannan ba, amma a buhu 40 masu kilo 100, kilo 152 ne suka tafi, buhu ɗaya da rabi, ba tare da kowa ya ɗaga murya ba.

In kuma ya yi daidai a ƙasa da tsakiya amma ya rikice a sama, ko dai an saba ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ko sifirin ɗinsa, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfen da ke ɗaukar nauyi a cikinsa, ya gaji. Duba iyakar da aka rubuta a jikinsa.

Mataki na 5: ba kowane ciwo maganinsa

Rashin tsayuwa yakan fito daga abubuwan da ke canzawa tsakanin awo da awo: ƙasa mai rawa, iska, buhu mai lilo a ƙugiya, tsatsa, batir mai mutuwa, ko idon mai karantawa. Allurar sikeli in ka kalle ta daga dama daban, daga hagu daban, don haka tsaya mata gaba da gaba. In ka gyara waɗannan bai daina ba, maimaita awo ka ɗauki matsakaici, domin na sama da na ƙasa suna cinye juna. Sai dai ribar tana raguwa: awo huɗu yana rage warwatsuwar da rabi, amma kafin ka sake rage ta da wani rabin sai ka yi goma sha shida. Ba mai wannan lokacin ranar kasuwar Jega, don haka sikelin da tazararsa ta kai kilo 3 gyara yake so ko ritaya.

Rashin gaskiya kuwa maimaitawa ba ta taɓa shi. Auna sau dubu a sikelin Kawu, matsakaicin 48.1 zai ba ka, sai dai ma ka ƙara sakankancewa da kuskure. Maganinsa saiti ne da dutse tabbatacce a hannun wanda ya iya. Kafin mai gyara ya zo kana iya lissafa gyaran da kanka: raba nauyin gaskiya da abin da sikeli ya nuna, 50 a raba da 48.1 ya ba da kusan 1.04, sai ka riƙa ninka kowane awo da wannan. Amma dabara ce ta kwana biyu don lissafin cikin gida. A ciniki, gaya wa abokin cinikinka, ko ka ajiye sikelin.

Abin da ya sa na ce a fara da tsayuwa ke nan. Sikeli mai tsayuwa marar gaskiya ana saita shi cikin rabin sa'a ya zama nagari. Wanda ba shi da tsayuwa ba ka ma san inda za ka kama ka saita ba.

Kada yawan lambobi ya ruɗe ka

Sikelin da ke nuna 48.15 ba lalle ya fi mai nuna 48 gaskiya ba. Lambobin bayan ɗigo suna nuna ƙanƙantar matakin da yake iya nunawa ne kawai, ba su ce komai a kan gaskiyarsa ba. Mu kuwa da mun ga lambobi suna haske sai mu sallama.

Ba mu kaɗai ba ne. A Afrilun 1990 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba na'urar hangen taurari ta Hubble, da hotuna suka fara zuwa sai aka gan su dishi-dishi. Babban madubinta an goge shi da ƙwarewar da ba a saba gani ba, amma a kan siffar da ba ita ba, domin na'urar da aka riƙa gwada shi da ita an haɗa ta da kuskuren milimita 1.3. Gocewar madubin a gefensa ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin gashin mutum ba, amma ta isa ta ɓata aiki, sai a Disambar 1993 'yan sama jannati suka je suka sa mata gyara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, akwai wasu na'urorin gwaji biyu da suka nuna akwai matsala tun a ƙasa, aka yi watsi da su saboda an fi yarda da ta farkon. Tsohon sikelin maƙwabci ke nan da kowa ke yi wa dariya.

Na'urar danshi da kwanon awo

Mai harkar shanshera ba sikeli kaɗai ke yanke masa hukunci ba, har da na'urar auna danshi. Ana son shanshera ta sauka zuwa kusan kashi 14 cikin ɗari kafin a adana ko a kai inji. Kilo 100 mai danshi 20, in ta bushe zuwa 14, kilo 93 za ta koma. Don haka na'urar da ke ƙara maki biyu a kan gaskiya tana sa a zaftare wa manomi fiye da kilo 2 a kowane 100, wadda ke ragewa kuma tana sa mai saye ya tara shinkafar da za ta yi fumfuna a rumbu.

Gwajin iri ɗaya ne. Ɗebi samfur guda, gauraya shi sosai, auna sau biyar ka ga tazara. Sannan ka kai samfurin nan, a ɗaure cikin leda don kada ya sha iska, wurin wata na'urar da aka tabbatar, ka kwatanta. Kada ka auna shinkafar da aka kwaso yanzu daga shanya tana da zafi, bari ta huce a inuwa. Kuma in ka ɗebo daga saman buhu da tsakiya da ƙasa ka ga sun bambanta, ba laifin na'ura ba ne, shinkafar ce ba ta bushe bai ɗaya ba. Dattawan da ke ciza ƙwaya su ji ƙarar fashewarta suna kusantar gaskiya fiye da yadda 'yan boko ke zato, sai dai haƙorin wani ba na wani ba ne.

Kwano da mudu kuwa, toshe duk wata ɓula, cika shi da ruwa har baki, juye a kofin awo, ka kwatanta da na shugaban masu awo na kasuwarku. Wannan ya ba ka gaskiyarsa. Tsayuwa kuma a hannu take: a yi yarjejeniya tun kafin a fara, da tozo ne ko a shafe, da tara hannu ko babu.

Wanne ya fi muhimmanci?

Ya danganta da abin da kake nema. A gasar kamun kifi ta Argungu, in duk kifayen da aka fito da su daga kogin Matan Fada sikeli ɗaya aka ɗora su, tsayuwa ta isa a san wanda ya zo na ɗaya, ko da sikelin yana cin kilo guda a kan kowa. Amma in za a ce kifin bana ya fi na 2005 mai kilo 75, sai an tabbatar sikelan biyu duka masu gaskiya ne. Haka mai kiwon da ke son ya ga ko ragonsa yana ƙara nauyi mako-mako: ya riƙe sikeli ɗaya kawai. Ciniki, fitar da zakka, da auna yaro don a lissafa masa magani kuwa, nan gaskiya ake nema, domin lambar za ta fita daga shagonka ta yi aiki a wani wuri.

Rubuta ranar gwaji da sakamakon a bangon littafin ciniki. Sake gwadawa a farkon kowace kaka, da duk lokacin da sikeli ya faɗi, ko aka ɗauke shi a mota zuwa wata kasuwa, ko aka yi masa gyara. Ɗora ƙarfenka mai fenti kowace safiya kafin buhun farko, aikin minti ɗaya ne.

Sikelin Kawu dai mai gyara ya zo daga Birnin Kebbi da duwatsunsa ya saita shi kafin la'asar. Manomin nan an same shi ranar kasuwa aka biya shi kuɗin kilo 18. Abin da ya hana Kawu barci shi ne sauran, domin ba wanda ya san tun yaushe sikelin ya goce, kuma yawancin masu kawo kaya ba a rubuta sunansu ba. Ya kwashi littattafan kaka biyu ya tafi wurin limamin unguwa. Yanzu akwai tsohon kan injin ban ruwa a bakin ƙofar shagon, an rubuta 21.4 a jikinsa da jan fenti, kuma duk manomin da ya ce bai yarda ba, Kawu yakan ce masa, "Ɗauko wancan ka ɗora da hannunka."